Mai Tafi da Mai Waya: Wa Ya Ɓata Wasan?

Tun daren da na dawo daga wasan kiɗan ƙarshen shekara wani abu yake ci mini rai. Kiɗan ya yi daɗi, ba ni da ƙorafi a kansa. Abin da ya faru a layin kujerun da ke gabana ne ya ƙi fita daga zuciyata.

Wata dattijuwa ce ta zo da jikarta, yarinyar ba za ta wuce shekara takwas ba. Kana ganinsu ka san sun daɗe suna jiran daren, domin yarinyar ta riƙe takardar jadawalin wasan da hannu biyu kamar za a ƙwace mata. Makaɗa suka ɗauko wani dogon kiɗan Turawa mai gaɓa huɗu, irin wanda ake ɗan tsahirtawa tsakanin gaɓa da gaɓa. Gaɓar farko ta ƙare da ƙarfi, ganguna da ƙahoni suka sauke a tare, sai dattijuwar ta kama tafi da dukan zuciyarta, jikar ta bi ta. Wasu mutum goma ko sha biyu a sassan zauren suka taya su.

Sai mutumin da ke zaune gefensu ya juyo, ya ja dogon tsaki, ya ce, "Haba Mama, ai ba a gama ba." Hannayenta suka tsaya cak, ta sauke su a cinya. Na ji yarinyar ta raɗa mata, "Kaka, laifi muka yi?" Ba ta ba ta amsa ba. Daga nan har ƙarshen wasa ba ta ƙara tafawa ba, sai da kowa ya miƙe tsaye tafi ya yi nisa, sannan ta waiga hagu da dama ta ɗan haɗa hannu sau biyu ko uku.

Shi kuwa mai tsakin, tun da jagoran makaɗa ya ɗaga sandarsa wayarsa take sama, haskenta yana dukan idon duk wanda ke bayansa, har da ni. Ya ɗauki bidiyo, ya sauke, ya aika, aka ba shi amsa, ya yi murmushi, ya sake ɗagawa. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Ni dai ina bayan dattijuwar. A wasan biki, duk abin da kiɗa ya jawo daga jikin mai sauraro, tafi ne, sowa ce, amshi ne ko hawaye, yana cikin wasan, kuma bai kamata a kunyata mai shi ba. Abin da ke ɓata wasa shi ne motsin da bai ma san ana kiɗa ba. Tambayar da nake auna kowane ɗan kallo da ita ɗaya ce: abin da yake yi, amsa ce ga abin da ke fitowa daga dandamali? Tafin dattijuwar amsa ne. Hasken wayar nan kuwa hira ce da wani da ba ya zauren.

Su wa suke cika zaure lokacin biki?

Wasan biki yana da jama'arsa daban. A sauran watannin shekara, masu zuwa sauraren kiɗa galibi 'yan gida ne, sun san makaɗan, sun san inda ake tsayawa da inda ake ci gaba. Amma da hutu ya zo sai zauren ya cika da wasu fuskoki: iyaye da yara, tsofaffin da 'ya'yansu suka saya musu tikiti, baƙin da suka zo hutu aka ce a fita da su, da mutumin da bai taɓa ganin makaɗa hamsin a kan dandamali ɗaya ba sai a talabijin.

Masu shirya wasannin sun san da haka, don haka suke zaɓar kiɗan da kunne ya saba da shi, kuma da kuɗin wannan taron ake cike giɓin watannin da kujeru ke zama babu kowa. To, ka gayyato mutum da talla, ka karɓi kuɗinsa, ya shigo, sannan ka hukunta shi kan dokar da ba a rubuta a tikitinsa ba, ba a kuma faɗa a lasifika ba? Wannan ba adalci ba ne. Kuma wanda aka yi wa tsaki a zuwansa na farko, da wuya a yi masa na biyu, domin ba zai dawo ba.

"Ai haka tsarin yake"

Hujjar farko da ake kawo mini ke nan: wannan irin kiɗa yana da ladabinsa, ba a yin tafi sai an kai ƙarshe, haka aka gada. Sai dai gadon bai kai tsufan da ake zato ba.

A watan Yunin 1778 aka fara kaɗa wani sabon kiɗan Mozart, shahararren mai tsara kiɗa na Turai, a birnin Faris, yana ɗan shekara 22. Wasan ma na ranar biki ne, domin jerin wasannin da ake kira Concert Spirituel an kafa su ne tun 1725 saboda ranakun bukukuwan addini da ake rufe gidan opera, wato gidan wasan kwaikwayon da ake yi da waƙa. Bayan wasan ya rubuta wa mahaifinsa wasiƙa yana murna. Ya ba shi labarin wani wuri a tsakiyar gaɓar farko da ya san zai burge jama'a, da aka zo wurin kuwa zauren ya ɗauki tafi ana cikin kiɗa, kuma da yake ya san haka za ta faru, tun wajen rubutawa ya sake dawo da wurin a ƙarshen gaɓar. Gaɓar ƙarshe kuma ya fara ta a hankali da masu goge kaɗai, jama'a suka riƙa ce wa juna a yi shiru don su ji, da ƙarfin ya fashe sai suka fashe da tafi.

Wannan wuri na ƙarshe shi ya fi tsaya mini. Mutanen da suka yi tafi a tsakiyar kiɗa su ne suka nemi a yi shiru da kiɗan ya yi laushi. Shirun da tafin duk daga tushe ɗaya suka fito, wato kunnensu yana kan makaɗa. Mai kiɗan kuma da gangan ya ɗana musu tarkon, ya ji daɗi da ya kama.

Zaman tsit da muka sani yau daga baya ya zo. Wagner, mai tsara kiɗan opera, ya rage hasken zaure a gidan wasansa na Bayreuth a Jamus a 1876 don idon kowa ya koma dandamali. Mahler, shi ma mai tsara kiɗa, da ya karɓi jagorancin gidan opera na Biyena a 1897, ya hana makararru shiga sai an tsaya hutu, ya kuma yaƙi 'yan tafin haya, waɗanda ake biya su zauna cikin jama'a su tafa wa wani ko su yi wa wani ihu. Ba na cewa ba su da dalili, tafin haya yaudara ce, kuma shigar makararru tana damun kowa. Amma hana tafi tsakanin gaɓoɓi sai a ƙarni na ashirin ya kankama. Kenan kiɗan da yawa da ake kare "ladabinsa" da tsaki an rubuta shi ne ga jama'ar da ke yin tafi a inda dattijuwar nan ta yi nata.

Kuma duniyar kiɗa ba ta tsaya a Turai ba. Ummu Kulsum, shahararriyar mawaƙiyar Masar, ta yi shekaru da dama tana wasa a Alƙahira ranar Alhamis ta farkon wata, rediyo yana watsawa kai tsaye. Idan ta ja wani baiti ya ratsa jama'a, sai zauren ya ruɗe da sowa ana roƙon ta maimaita, ta maimaita da wani salo, a sake roƙo, ta sake da wani. Haka waƙa ɗaya takan kai awa guda ko fiye. Larabawa suna kiran wannan shauƙi ɗarab, kuma duk wanda ya saurari faya-fayenta na gaban jama'a ya san muryar zauren tana cikin waƙar. Babu wanda zai ce waɗancan mutane ba su girmama ta ba.

Darasin Biyena

Idan ana maganar wasan kiɗan biki, da wuya a tsallake na sabuwar shekara da ƙungiyar makaɗan Vienna Philharmonic ke yi kowace ranar 1 ga Janairu a zauren Musikverein da ke Biyena, babban birnin Ostiriya. An fara shi a ranar ƙarshe ta 1939, ya koma ranar 1 ga Janairu daga 1941, yanzu ana nuna shi a ƙasashe fiye da 90, kuma neman tikitinsa ya yi yawan da sai an yi ƙuri'a. Zaure ne na manya, kowa ya ci ado, babu mai zarginsu da rashin sanin ladabi.

To, mene ne mutane suka fi jira a wannan wasa? Kiɗan rufewa, Radetzky March, wanda Johann Strauss uba ya rubuta a 1848. A nan jagora yakan juya wa makaɗansa baya ya fuskanci jama'a, ya riƙa sarrafa tafinsu da hannu: ya sunkuyar da tafin hannunsa su rage, ya ɗaga su ƙara, ya ɗora yatsa a baki su tsaya. Kafin shi ma, idan aka fara kiɗan kogin Danube, jama'a sukan katse shi da tafi tun a layin farko, a tsaya, makaɗa su yi wa duniya barka da sabuwar shekara, sannan a sake farawa. Katsewar ta zama wani ɓangare na shirin.

A 2021 annobar korona ta hana kowa shiga. Riccardo Muti ya jagoranci makaɗan a gaban kujeru babu kowa, aka kaɗa kiɗan rufewar nan ba tafi. Makaɗan su ne dai, ƙwarewar ita ce dai, amma duk wanda ya kalla ya ji ramin da ke cikinsa. Har sai da masu shirin suka nemi dubban mutane su yi tafi daga gidajensu ta intanet, aka saki sautin ta lasifikokin zauren. Zauren da ya fi kowane shiru a tarihin wasan, kuma abin da aka rasa har aka je nemansa ta waya shi ne abin da aka yi wa dattijuwar nan tsaki a kai.

Akwai kuma 2005, lokacin da aka bar wannan kiɗan rufewa gaba ɗaya, don girmama dubban da igiyar ruwan tsunami ta halaka a tekun Indiya kwanaki kaɗan kafin nan. Sun san tafin murna ne, kuma sun san ranar da murna ba ta dace ba. Irin wannan sanin ya kamata nake girmamawa, domin yana duba halin da ake ciki.

Tafi ma ba hayaniya ce kawai ba. A shekarar 2000 mujallar kimiyya ta Nature ta buga binciken Zoltán Néda da abokan aikinsa, waɗanda suka naɗi tafin jama'a a gidajen wasa na Romaniya da Hungari. Sun ga yadda tafi ke farawa a warwatse, can sai ya haɗu ya zama bugu ɗaya, kuma hakan yana faruwa ne idan kowa ya rage saurin hannunsa da kusan rabi. Da ƙarar ta ragu sai mutane su sake ƙara sauri, haɗin ya watse, jim kaɗan ya sake haɗuwa. Babu mai ba da umarni. Ɗaruruwan mutanen da ba su san juna ba suna sauraren hannayen juna. Wannan shi ne abin da ake fita daga gida a nema, in ba haka ba kowa yana da kiɗan a aljihunsa.

Makaɗan fa, ba sa buƙatar shiru?

Suna buƙata, kuma wannan ce hujjar da na fi ɗauka da nauyi. Akwai kiɗan da ke ƙarewa kamar numfashin mai barci, sautin yana ta siraɗewa har ba ka san inda ya tsaya ba. Daƙiƙoƙin shirun da ke biyo baya na kiɗan ne, wanda ya yi wuf ya tafa a nan ya yanke wani abu da ba za a iya ɗinkewa ba. Akwai kuma gaɓoɓin da ake son ɗaya ta zuba cikin ɗaya babu tsayawa. Mai goge da zai shiga a hankali yana buƙatar ya ji ɗan'uwansa.

Na yarda da duk wannan. Amma a lura, gaɓar da ta ƙare da tsawar ganguna ita da kanta take kiran tafi, wadda ta ƙare da raɗa kuma ita da kanta take kiran shiru, kuma mai sauraro na gaske yakan ji bambancin ko da yau ne zuwansa na farko. A daren nan, gaɓa ta biyu ta ƙare a hankali, babu wanda ya tafa, har waɗancan mutum goman da babu wanda ya yi musu tsaki. Idan kiɗa ya sauya, rawa ma takan sauya.

Inda kuma ake tsoron kuskure, maganin yana hannun jagora. Ya bar hannunsa a sama bayan sautin ƙarshe, zaure zai jira shi. Ko kuma, kafin a fara, ya juyo ya ce kiɗan nan gaɓa huɗu ne, ana roƙon a riƙe tafin zuwa ƙarshe don kada zaren ya tsinke. Magana ce ta rabin minti, babu wanda za ta ɓata wa rai, sabon zuwa ma daɗi zai ji an sa shi a hanya. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a bar aikin ga masu tsaki da harara.

Ko abin da ya fi tafi muni nesa ba kusa ba, wani lokaci rashin sani ne. A Janairun 2012 Alan Gilbert ya tsayar da makaɗan New York Philharmonic ana dab da ƙare wani kiɗan Mahler mai laushin gaske, saboda wata waya da ta yi ta ƙara a layin gaba. Zauren ya fusata. Daga baya aka ji cewa sabuwar waya ce aka ba mutumin, ya rufe mata murya, bai san an saita ƙararrawar tashi a ciki ba. Ya nemi gafara, jagoran ya karɓa. Na goyi bayan tsayar da kiɗan, domin ƙarar ta kashe shi. Amma labarin yana tuna mini cewa fuskar da muke wa harara a duhu ba mu san abin da ke bayanta ba.

"Kuɗina na biya"

Kowa a zauren kuɗinsa ya biya, don haka wannan hujja ba ta raba gardama. Mai son shiru zai faɗe ta, mai son sowa zai faɗe ta. Tikiti kujera ɗaya yake saya maka a cikin taro, da taron da duk abin da ke cikinsa: tarin tsoho, motsin yaro, dariyar wata daga baya.

Inda na fi tausaya wa mai ƙorafi shi ne batun amshi. A wasan biki akwai waƙoƙin da kowa ya haddace tun yana ƙarami, kuma baki yakan kama su da kansa. Idan mawaƙi ya miƙa makirufo ga jama'a, ko ya yi shiru ya bar musu baitin, wanda ya ƙi amsawa shi ya rasa. Amma idan mawaƙiya tana jan baiti ita kaɗai, na kusa da kai kuma ya buɗe murya yana rakiyarta daga farko har ƙarshe, to ya sa ka biya kuɗin jin sa. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Ma'aunin bai canja ba: wanda ke sauraro yana jin lokacin da aka gayyace shi, wanda ke jin muryar kansa kaɗai ba ya ji.

Wayar da ke sama

A nan ne nake da zafi, kuma na san da yawa ba za su ji daɗi ba, domin kusan dukanmu muna yi.

Ana cewa ai ɗaukar bidiyo shiru ne, ba ya damun kowa. Wanda ya zauna a bayan mai yi ya san ba haka ba ne. A zaure mai duhu ido yana bin haske ko bai so ba, sai ka tarar kana kallon mawaƙin a ɗan allon wani alhali ga shi can a tsaye da ransa. Daga dandamali kuma, mai waƙa yana neman idanu ya ga bayan wayoyi. Kuma hannun da ke riƙe da waya ba ya tafi. Na lura a daren nan, bayan waƙar da aka fi ɗauka, tafin ya fito a raunane, domin rabin zauren yana duba abin da ya ɗauka.

Ana kuma cewa don tunawa ake yi. Linda Henkel ta jami'ar Fairfield a Amurka ta gwada wannan, aka buga sakamakon a 2014. Ta zagaya da ɗalibai gidan adana kayan fasaha, wasu kayan su kalla kawai, wasu su ɗauki hotonsu. Washegari sun fi tuna waɗanda suka kalla, sun fi mance waɗanda suka ɗauka. Sai dai inda ɗalibi ya matso da kyamara kan wani ɗan sashe, ya lura da shi sosai, mantuwar ba ta same shi ba. Gidan fasaha daban, zauren kiɗa daban, amma abin da na fahimta shi ne matsalar tana wajen miƙa wa na'ura aikin lura. Kowa ya duba wayarsa ya ƙirga bidiyon wasanni nawa ne a ciki da bai sake buɗewa ba, masu rawar hoto da sauti a fashe.

Wasu mawaƙa sun gaji har sun ɗauki mataki. Tun 2014 kamfanin Yondr yake yin wata 'yar jaka mai kulle, ka sa wayarka ciki ka riƙe abarka, sai ka fita waje a buɗe maka. Jack White da Bob Dylan suna cikin waɗanda suka yi wasanni da ita. Ni ban ga ya dace da wasan biki ba, inda uwa ta bar jariri a gida, wani kuma yana jiran kiran asibiti. Kuma ina fahimtar wanda ke son ya aika wa mahaifiyarsa da ba ta iya fita minti ɗaya na abin da yake gani. Abin da ya fi sauƙi, a ware waƙa ɗaya a ce ga ta, kowa ya ɗauka, a ƙara haske ma don hoton ya fito, bayanta wayoyi su koma aljihu. Mutane suna bin doka idan an ba su rabonsu a ciki.

Sai kuma inda abin ya wuce ɗauka ya koma jifa. A Yunin 2023 wani ya jefi mawaƙiya Bebe Rexha da waya a fuska tana kan dandamali a New York, sai da aka yi mata ɗinki. Wannan ba ya buƙatar muhawara. Duk wanda ya haɗa shi da tafin da ya zo kafin lokaci a kwando ɗaya, ya ce duk rashin tarbiyyar 'yan kallo ne, ya sauƙaƙa wa mai jifa laifinsa.

Rabon masu shirya wasa

Hirar da ake yi ana cikin kiɗa tana ba ni haushi kamar yadda take ba kowa, amma wani ɓangarenta daga teburin sauti yake tasowa. Tun 1911 likita ɗan Faransa Étienne Lombard ya bayyana cewa mutum yana ɗaga murya ba tare da ya sani ba idan ƙara ta kewaye shi. Ka ƙure lasifika, wanda zai raɗa wa matarsa kalma biyu sai ya yi ihu, na bayansa ya ɗaga tasa, zaure ya koma kasuwa. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'ida ga wuraren wasanni, cewa matsakaicin ƙarfin sauti kada ya wuce desibel 100 a ma'aunin ƙara. Don kare kunne aka yi ta, amma tana gyara halin jama'a ma. Na sha ganin mawaƙin da ya sauke muryarsa ƙasa zaure ya yi tsit yana binsa.

Haka batun yara. Idan ka rubuta cewa wasan na iyali ne, ka shirya wa iyali: gaɓoɓi gajeru, hutu a tsakiya, kujerun bakin hanya ga masu goyo don su fita su dawo ba tare da sun tayar da layi ba. Yaron da ya yi tsalle da aka buga babbar ganga ya fi rabin manyan zauren sauraro. Wanda ya yi ta kuka minti goma kuwa ya gaji ne, mahaifinsa ya fita da shi ya sha iska, mu kuma mu ba shi hanya ba tare da harara ba.

Kuma a fara kan lokaci. Taron da aka bari yana jira awa biyu ya riga ya buɗe hira, ya fito da waya, ya huce. Ba ka da bakin zarginsa idan ka fito ka tarar hankalinsa ya tafi wani wuri.

Abin da ya rage mini shi ne nawa rabon. Ina zaune ina gani aka yi wa baiwar Allah tsaki, ban ce komai ba, don kada in ƙara hayaniya. Da na sunkuya na ce, "Mama, tafinki daidai ne, ni ma ya burge ni," da wataƙila daren ya dawo mata. Na yi niyyar faɗa mata a bakin ƙofa, cunkoso ya raba mu, sai dai na jiyo su a kan matakala. Yarinyar tana buga kiɗan gaɓar farkon nan da takardar jadawalin a kan ƙarfen riƙewa, bugun kuwa daidai, ta ɗago ta ce, "Kaka, baɗi ma za mu zo?" Dattijuwar ta kama hannunta ta ce, "Sai mun gani."